Kafin ka kai kuɗinka kasuwar sola, zauna da biro da takarda tukuna

Ni ba injiniya ba ne, gara in faɗa tun yanzu. Mutum ne kawai da ya sa sola sau biyu a gida ɗaya a nan Kano, na farko kuɗin ya tafi a banza, na biyu kuma Alhamdulillah har yau muna shan iska. Tunda kullum sai an tare ni a masallaci ko a majalisa ana tambaya wai Malam nawa za a kashe a sa sola, na ce bari in zauna in rubuta yadda ake bin abin daki-daki.

Abin da ya kora yawancinmu kasuwar sola kowa ya sani. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka ce za a ba su awa 20 a rana, daga naira 60 da 'yan kai zuwa 225 kowane yunit. Ni tun a 2023 na ruga, ban yi lissafin komai ba, na samu wani mai haɗawa na ce ina son abin da zai ɗauki gida, ya ce an gama Alhaji, ya kawo batir biyu da faranti biyu masu karɓar hasken rana da inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, ya ɗaura. Da farko lafiya lau saboda wutar NEPA na taimakawa wajen caji ban ma sani ba. Sai Oktoban 2024 da layin Shiroro zuwa Kaduna ya samu matsala, Arewa ta kwashe sama da mako guda a duhu, ranar asiri ya tonu. Ƙarfe 11 na dare inbata ta fara kuka, sha biyu komai ya mutu, yara suka tashi da gumi da sauro, uwargida ta kalle ni a hasken fitilar waya ta ce "to Malam ina solar?" Wallahi ban da amsa.

Mataki na farko, wanda na tsallake wancan karon, shi ne lissafin lodi, kuma a nan zan daɗe don duk sauran a kansa suke. Ka ɗauki takarda ka zaga gida ɗaki-ɗaki, duk abin da ke cin wuta ka juya bayansa ko ƙasansa, za ka ga lamba da harafin W, wannan shi ne wat ɗinsa. Ka rubuta, ka rubuta guda nawa ne, sannan awa nawa yake aiki. Amma ka raba takardar gida biyu, na rana daban na dare daban, dalilin zai fito nan gaba. Wat sau yawan kayan sau awa, shi zai ba ka abin da yake sha. Ga misalin gida mai ɗaki uku, daga magariba zuwa safiya:

ƙwan fitila 8 masu wat 10, awa 5, ya zama 400
fankar sama 3 masu wat 75, awa 10, ya zama 2,250
talabijin da dikoda wat 80, awa 4, ya zama 320
cajin wayoyin gida gaba ɗaya, ka sa 100
firji cikin dare, ka sa 600 tunda yana kamawa yana saki

Jimilla 3,670, mu ce 3,700. Na rana kuma, fanka biyu awa 6 ya zama 900, firiza mai wat 150 awa 8 ya zama 1,200, sumo na rijiyar burtsatse awa ɗaya ka sa 1,000, talabijin ɗin yara 240, guga ta rabin awa 500, ka ga wajen 3,800 ke nan. Duka biyun 7,500, wato yunit bakwai da rabi a rana, don 1,000 shi ne yunit ɗaya irin wanda mita ke ci.

Dan Allah kar ka yi wannan lissafin kai kaɗai. Ka zauna da matan gida, su suka san abin da ake jonawa in ka fita. Ni sai daga baya na gano akwai hita ta dafa ruwan wankan yara da ake sawa kullum da asuba, wat 1,500, daidai lokacin da batir ya fi galabaita. Ba laifinsu ba ne, ni ne ban tambaya ba.

Yanzu sake duba takardar dare. Cikin 3,700 ɗin nan fanka uku kaɗai sun cinye 2,250, su da muke rainawa. To ga mataki na biyu, kafin ka sayi ko waya ɗaya ta sola, ka rage lodin dare. Akwai fankoki na zamani masu ƙaramin inji da ke shan wat 30 ko ƙasa da haka, in ka canza ukun nan lissafinsu ya dawo 900, ka rage 1,350. Riƙe wannan lambar. Batir tubula, wato mai ruwan nan, babba mai am 220 in za ka yi masa adalci abin da zai ba ka a dare wajen 1,300 ne. Ka ga kenan canjin fanka uku ya tsame maka batir guda cur, kuma batirin nan ba sau ɗaya za ka saye shi ba, duk bayan 'yan shekaru sai ka sake. Haka tsofaffin ƙwayaye masu zafi, a fitar da su a sa LED. Firiza a bar ta ta yi ƙanƙara da rana tun daga ƙarfe 9 zuwa la'asar, da daddare a kashe, in ba a yawan buɗewa sanyinta na kaiwa safiya. Sumo, guga, injin wanki, markaɗe, duk a mayar da su tsakanin 10 na safe zuwa 3 na yamma, lokacin wutar daga faranti take zuwa kai tsaye ba ta taɓa batir. Duk abin da na fahimta a harkar nan shi ne faranti ya yi sauƙi, yana kai shekara 20 zuwa 25, kuɗin mutum a batir yake mutuwa, kuma dare ne ke cin batir.

Mataki na uku shi ne batirin kansa. Iri biyu ne a gabanka a zahiri, tubula mai ruwa da litiyam. Akwai na uku, busasshen nan da ake ce wa jel, ni dai ban ba ka shawara ba, zafin Arewa ba ya raga masa. Tubula mai bolt 12 da am 220, in ka ninka su 2,640 ke nan, amma rabi kawai ake sha, in kana tatse shi har ƙasa kullum shekara ɗaya ba zai rufa ba, abin da ya faru da ni ke nan. Litiyam irin wanda ake rubuta wa LiFePO4 kuwa ana shan kashi 80 har fiye, yana caji da sauri, babu zuba ruwa, masu ƙera shi na rubuta caji dubu uku zuwa dubu shida, wanda in na kirki ne kuma an kula da shi ana maganar shekara takwas zuwa goma.

Mu koma lissafinmu na 3,700. Inbata ma tana cin nata kason, ka ƙara kashi 10, ya zama 4,100. Da litiyam kana buƙatar guda ɗaya mai yunit 5, wanda ake rubuta wa bolt 48 am 100. Da tubula sai ka ninka 4,100 sau biyu, 8,200, ka raba da 2,640, ya haura uku, dole ka sayi huɗu don a haɗa su bolt 48 ko 24. Je ka tambayi kuɗin tubula huɗu da kuɗin litiyam ɗaya a yau, za ka ga tazarar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba, sannan ka tuna tubula sai ka canza shi sau biyu ko uku kafin litiyam ɗaya ya gaji. Ban rubuta farashi ba da gangan, kayan nan dala suke bi, abin da na saya bara ba shi ne na bana ba. In ƙarfinka tubula ne ba laifi, ka saya, amma duk su zama sabbi, kamfani ɗaya, girma ɗaya, rana ɗaya. Kar ka yarda a haɗa maka tsoho da sabo, tsohon zai ja sabon su mutu tare. Kuma kar a aje shi a ɗakin kwana, yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, a samar masa inda iska ke ratsawa, ba a rana ba, a ɗora shi kan katako ko marikin ƙarfe.

Na huɗu faranti. Allah ya ba mu rana a Arewa, amma kar ka lissafa awa 12. Ranar da ke cika faranti sosai in aka dunƙule ta awa 5 zuwa 6 ce, ka yi aiki da 5 saboda hazon hunturu da gajimaren Agusta. Ɗauki jimillarka 7,500, ƙara kashi 30 na abin da ke zubewa a waya da zafi da ƙura, ya kusa 10,000, raba da 5, ka samu wat 2,000. Faranti huɗu masu wat 550 sun isa. In da hali ka sa shida, ba za ka yi nadama ba, don batirin da ba ya cika kullum shi ke fara mutuwa. Ni wancan karon faranti biyu ƙanana aka sa wa batir biyu manya, tun ranar farko ba su taɓa ƙoshi ba.

Wani abin da mutane ba su sani ba, faranti haske yake so ba zafi ba. Lambar da ke jikinsa an auna ta ne a ma'aunin zafi 25, a watan Afrilu kuwa da garin ke haura 40, jikin farantin kan wuce 60, sai ya rage ƙarfi da kashi goma ko fiye. Shi ya sa ba a manna shi a jikin kwano, a bar tazara kamar tafin hannu iska na wucewa ta ƙasa. Ya fuskanci kudu, a ɗan karkace shi digiri 10 zuwa 15, tunda Kano na kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Sakkwato da Katsina 13, karkacewar kuma na taimakawa ruwan sama ya wanke shi. Ka hau saman da kanka da safe da kuma la'asar ka duba inuwa, darbejiya, tankin ruwa, dish, benen maƙwabci. In an jera farantai a layi ɗaya inuwa ta faɗa kan guda, duk layin take ja ƙasa. A ɗaure su da noti a kan ƙarfe, ba da wayar ɗauri ba, kowa ya san iskar farkon damina.

Na biyar inbata, wannan ba zan ja shi ba. Ka tara wat na duk abin da zai iya kunnuwa lokaci ɗaya, sannan ka tuna duk abu mai inji, firji, firiza, sumo, esi, lokacin tashi yana fizgar ninki uku ko fiye na 'yan daƙiƙu. Da kVA ake auna girman inbata, gidan misalinmu 3.5kVA za ta ɗauka, amma in kana da niyyar ƙari gaba ka sayi 5kVA mai bolt 48 tun yanzu. Ka duba wat nawa aka rubuta a jikinta, don wata 5kVA ɗin wat 4,000 ce. Ka nemi haibirid, wadda ke karɓar wuta daga faranti da NEPA duka, mai kwantirola a ciki, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, irin MPPT don ta fi tsohuwar PWM tatso wuta, kuma ta zama mai tsabtatacciyar wuta wadda ba ta sa fanka gurnani. Tambaya ɗaya da za ka yi wa mai haɗawa ka gane ko ya san aikinsa: bolt nawa inbatar ke buƙata daga faranti kafin ta fara caji, kuma nawa ne iyakarta? Wasu sai bolt 120 suke tashi, faranti biyu ba za su tashe su ba, huɗu a layi ɗaya za su yi. In ya fara kame-kame, ka gaishe shi ka yi gaba.

To yanzu ne za ka shiga kasuwa, da takardarka a aljihu. Ka karɓi farashi daga mutum uku aƙalla, kowa ya rubuta maka kaya ɗaya-ɗaya da sunan kamfani da girma da kuɗin aiki daban, ba dunƙule ba. Jabu ya yi yawa, musamman a faranti da batir, amma akwai abin da ba ya ƙarya, girma da nauyi. Faranti mai wat 550 na gaskiya tsawonsa ya haura mita biyu, faɗinsa ya ɗan wuce mita ɗaya, nauyinsa kusan kilo 27, in an nuna maka wani ɗan madaidaici an manna masa 550, sitika ce kawai. Manyan kamfanoni irin su Jinko, Longi, JA Solar, Trina da Canadian Solar suna sa lambar siriyal a cikin gilashi, ba a bayansa kawai ba, ka duba ta yi daidai da ta baya. Tubula 220 da ruwansa yana kai kilo 60, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi cikin sauƙi. Litiyam mai yunit 5 kilo 40 zuwa sama, in ka ji shi sakayau ka aje. Waya kuma ka ce a kankare bakinta a gabanka, in jan ya goge fari ya fito, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, tana zafi tana cin wuta. Rasit da waranti a rubuce, da hatimin shago, da shekara nawa, da wa za ka kai wa in ya lalace. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake, ni yanzu ko fis ne sai an rubuta min.

Mai haɗawa kuma kar ka ɗauke shi don ɗan unguwa ne ko yana sallah a sahun gaba. Ka ce ya kai ka gida biyu da ya yi wa aiki sama da shekara guda, ka tambayi masu gidan ba a gabansa ba. Akwai hukumar NEMSA da ke ba masu aikin wuta takardar shaida, ba laifi ba ne ka tambaya ko yana da ita.

Ga inda ake yawan yi mana ƙwange, kayan kariya, saboda ba a ganin amfaninsu sai ranar tsiya. Dole a sa bireka ta DC, wato irin wutar da faranti da batir ke bayarwa, tsakanin faranti da inbata, da wata tsakanin batir da inbata, ba irin ta wutar gida ba, wutar DC ba ta mutuwa da sauƙi in ta kama. A sa abin kare tsawa, a kafa sandar ƙasa a haɗa ƙarfen farantai da inbata da ita. A sa canjoba mai kyau yadda wutarka ba za ta koma layin NEPA ba, don wani bawan Allah na iya hawa falwaya yana ganin babu wuta. Sannan ka ce a raba layin gida biyu, soket ɗin kicin da na hita da esi su tsaya a kan NEPA ko janareta, fitilu da fankoki da firji su hau sola. Wannan rabon shi ya kawo ƙarshen rigimar "wa ya jona" a gidana. In kwantirolarka daban take, batir ake fara haɗawa kafin faranti, wajen cirewa kuma faranti ake fara cirewa.

Sai maganar da kowa ke jira, kuɗi, da tambayar nan ta ko gwamnati na bayar da tallafi. Tana bayarwa, amma ba yadda muke zato ba. Hukumar da ke riƙe da harkar ita ce REA, mai kula da kai wuta karkara. Ita ta yi shirin kai wuta na NEP da dala miliyan 350 na Bankin Duniya da miliyan 200 na Bankin Raya Afirka, ita ta sa wa Jami'ar Bayero sola mai megawat 7.1 a 2019, da ita aka kai sola shagunan kasuwar Sabon Gari, kuma ita ta riƙe shirin Solar Power Naija da Osinbajo ya ƙaddamar a Jangefe ta jihar Jigawa a 2021 da burin gidaje miliyan 5. Wanda ke tafiya yanzu shi ne DARES, dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da su a Disamban 2023, da burin kai wa mutum miliyan 17.5. To amma tsarin shi ne kamfanoni ake biya, bayan sun haɗa wa mutane wutar an je an tabbatar, kai tallafin yana iso maka ne a matsayin ragin farashi. Saboda haka duk wanda ya turo maka wani abu a WhatsApp wai cika fom ka biya kuɗin rajista a kawo maka solar gwamnati kyauta, ɗan damfara ne, kar ma ka tura wa wani. Abin da za ka yi shi ne ka duba sunayen kamfanonin da REA ta tantance, ka tambayi wanda ke aiki a jiharka ko kayansa na cikin masu tallafi.

In kuɗin babban haɗi bai samu ba akwai hanyoyi. Akwai biya-sannu-sannu na kamfanoni irin su Sun King, d.light da Lumos, ƙaramin akwati da faranti da fitilu, wani da fanka da talabijin, ka ba da kafin alƙalami ka riƙa biya duk mako ko wata, in ka yi jinkiri na'urar ta kulle kanta har ka biya. Ga mai ɗaki ɗaya ko ɗan shago yana da kyau ƙwarai, amma ka ninka biyan da yawan watannin ka ga jimilla, ka kwatanta da kuɗin hannu, ka kuma tambaya in an gama biya kayan ya zama naka ko haya ce. Gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP a 2024 don bashin kayan masarufi, sola na ciki, ta bankuna da cibiyoyin kuɗi ake bi, ya fi sauƙi ga mai albashi. Wanda ke gudun kuɗin ruwa kuma ya je bankunan da ba sa harka da shi irin su Jaiz da TAJ ya tambayi murabaha, su sayi kayan su sayar maka da ribar da aka sani tun farko. Ni dai da adashi na yi na biyun, kuma a hankali, na fara da inbata babba da litiyam ɗaya da faranti huɗu, bayan wata bakwai na ƙara biyu. In kana son sanin ko zai biya ka, rubuta litar da janaretanka ke sha a rana, ninka da farashin yau, ninka da 30, ƙara baƙin mai da kuɗin gyara, sai ka raba kuɗin solar da wannan, watannin da za su fito su ne amsarka.

Mutanen ƙauye da layin wuta bai kai ba, ku naku ya fi ƙarfi in kun haɗu. Ƙaramar tashar sola ta gari guda ita ce inda tallafin DARES ya fi yawa. Ku zauna da mai gari ku ƙirga gidaje, shaguna, injinan niƙa, masu walda, masu cajin waya, asibiti da makaranta, da litar man da ake ƙonawa a wata, don kamfani ba yawan mutane yake kallo ba, masu sana'ar da za su sha wuta da rana su biya yake nema. Ku kai takarda ofishin REA ko hukumar wutar karkara ta jiharku, tunda dokar wuta ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Ƙa'idar da NERC, hukumar tsara harkar wuta ta ƙasa, ta fitar a 2023 ta ce tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta isa, daga nan zuwa megawat 1 sai da izini, kuma dole a yi yarjejeniya a rubuce da al'umma. Wajen sa hannun nan ku nutsu, a karanta muku da Hausa, nawa ne yunit, awa nawa za a bayar, filin da kuka bayar na shekara nawa ne, me zai faru in wutar gwamnati ta iso garin. Manoman rani kuwa ku kuka fi kowa sa'a, injin ban ruwa na sola ba ya buƙatar batir sam, rana ta fito ya ja ruwa, ta faɗi ya huta.

'Yan'uwanmu na Nijar lissafin gida duk ɗaya ne, su ma sun ɗanɗana tasu a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulki, lokacin kusan kashi 70 na wutarsu daga nan take zuwa. Tashar Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai da ta fara aiki a shekarar ta rage musu zafi, akwai kuma ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018. A can hukumar ANPER ce ke riƙe da wutar karkara, can za a nufa da maganar gari.

Bayan an gama haɗawa kar ka sallami mai aiki sai ya koya maka karatun allon inbata, wat nawa ke shigowa daga faranti, nawa gida ke ja, batir na kashi nawa. Ka ce ya saita inda za ta yanke da kanta, litiyam a kashi 20, tubula a rabi, kuma ya saita irin batirin daidai don cajinsu ba ɗaya ba ne. Rana ta farko da azahar ka rubuta abin da faranti ke bayarwa ka aje, shi ne ma'auninka na gaba. Tubula duk wata ka duba ruwansa, ruwan batir tatacce ake ƙarawa, ba na famfo ba, ba fiya wata ba, kuma ba a ƙara asid. In ya mutu kar a bar yara su fasa shi, dalma ce a ciki, guba ce, a mayar wa masu saye a rage maka kuɗin sabo.

Sai ƙura, abokiyar zamanmu daga Nuwamba zuwa Maris. Akwai ranar da na ga farantaina shida da ke ba ni sama da 2,500 da azahar sun tsaya a 1,700, hankalina ya tashi na ɗauka wani abu ya ƙone, har na ɗauko waya zan kira mai gyara. Na ce bari in leƙa tukuna, na sa tsani na hau, sai ga su jawur kamar an yayyafa garin dawa, har sawun kadangare a kai. Bokiti ɗaya da tsumma mai laushi a kan sanda, washegari lambar ta dawo. Tun daga nan duk Asabar bayan sallar asuba nake hawa, lokacin gilashin na da sanyi, don in ka watsa ruwa da tsakar rana yana iya tsagewa. Ba omo, ba soson ƙarfe, ba a taka faranti da ƙafa, kuma in yaro za ka tura ya hau, ka tsaya a ƙasa ka riƙe masa tsanin.